Hamsin Ba Ta Haura Hamsin Ba

Duk wanda zai ga shugaban makarantar sai ya bi ta gaban teburin Goggon Ofis, domin ɗakinta ne zauren ɗakinsa. Ɗan ƙaramin ɗaki ne mai taga ɗaya, da kabad biyu na ƙarfe maƙare da fayil, da fanka mai juyawa kamar ana roƙonta, da benci inda iyaye ke zaman jira suna tsara abin da za su faɗa. Shekara ashirin da bakwai ta yi a kan kujerar nan. Shugabanni huɗu suka zo suka tafi, na biyar yana kai, ita tana nan daram. Malamai na ce mata Goggo, ɗalibai na ce mata Goggo, har shugaban da ya girme ta ma Goggo yake cewa, sai in ransa ya ɓaci ya ce "Sakatariya".

A wurin mahaifinta ta koyi aikin. Shi mai buga wa mutane takardu ne a bakin gidan waya, da tafiretarsa a kan ɗan tebur ƙarƙashin laima: takardar neman aiki, takardar koke, wasiƙar ban haƙuri. Abu biyu ta gada a wurinsa, saurin hannu da iya riƙe fuska. Mutum zai faɗa mata abin da zai sa jaki dariya, ta buga shi tsaf, ta miƙa masa, ta ce, "A duba ko da kuskure."

Ba ta musu da kowa. Sababbin zuwa sukan ɗauka sanyin hali ne, sai sun kwana biyu su gane shiru-shiru ba tsoro ba ne. Shugaba na uku, wani mai zuciya a kusa, ya taɓa kama ta ta gyara masa jimla a wasiƙa. Ya fito har gaban iyaye yana ɗaga murya.

"Ni na yi digiri ko ke? Daga yau abin da na rubuta shi za ki buga. Kar ki ƙara ɗigo, kar ki rage ɗigo."

"To, ranka ya daɗe," in ji ta.

Bayan mako biyu ya miƙo mata takardar kiran taron iyaye. Can ƙasa, da ɗan siririn rubutu, ya yi wa kansa tuni: kar a manta a karɓo maganin basir. Goggo ba ta rage ɗigo ba. Kwafi ɗari huɗu suka shiga gari a jakunkunan yara. Ranar taro iyaye masu tausayi suka yi ta zuwa da ƙulle-ƙulle da kwalabe, kowa na jan shi gefe yana rantsuwa nasa ya fi ci. Daga ranar ya koma cewa, "Goggo, duba mini wannan, in kin ga abin gyara ki gyara."

Da kwamfuta ta zo, aka ɗora tafireta a saman kabad aka lulluɓe ta da tsumma. A lokacin ne tsama ta shiga tsakaninta da mataimakin shugaba, wanda malamai ke kira Bisa Ƙa'ida a bayan idonsa, saboda ba ya buɗe baki sau uku bai faɗi kalmar ba. Dogo ne, da biro uku a aljihun gaba, gashinsa baƙi wuluk fiye da yadda Allah ke yin baƙi. Shi ya miƙe a taron malamai ya ce, bisa ƙa'ida, sabon aiki sai sabon hannu, a nemo mai takardar kwamfuta, Goggo kuma a mai da ita ɗakin ajiyar littattafai ta huta. Goggo na zaune a gefe tana ɗaukar bayanin taro. Ta rubuta maganarsa kalma-kalma, ta sa aya. Cikin kwana goma ta fi kowa a makarantar sauri a kan sabuwar na'urar, maganar ɗakin littattafai ta bi ruwa. Amma ba ta manta ba. Ita, a faɗarta, ba ta da riƙo. Ajiya kawai take yi.

Shekaru suka wuce tana amfani da kwamfuta kamar tafireta mai fitila. Sai aka kawo sabuwar malamar kwamfuta, wata gajeriyar mata mai 'yan biyu, mai dariya da dukan jikinta. Ƙarshen zango ta shigo aron almakashi, ta tarar da Goggo tana cika katin sakamako. Yara ɗari shida da 'yan kai, kowanne sai ta dubi makinsa ta buga masa sharhi a ƙasa.

"Goggo, kwana nawa kike yi a kan wannan?"

"Shida, in ba a ɗauke wuta ba."

"Wa ke faɗa miki abin da za ki sa wa kowane yaro?"

"Maki mana. In ya kai saba'in, madalla. In bai kai ba amma ya kai hamsin da biyar, ya yi kyau. Haka dai har ƙasa."

Malamar ta manta da almakashi ta jawo kujera. "Goggo, ai kin gama rubuta manhaja da baki. Saura da hannu."

Haka suka fara, kullum lokacin hutun tsakar rana, rabin awa, da kofin shayi biyu.

"Kar ki ɗauka tana da wayo," in ji malamar tana ɗan bubbuga kan na'urar. "Doluwa ce mai sauri. Ba ta san yaro ba, ba ta san uban yaro ba. Tambaya kawai za ki ba ta wadda amsarta e ce ko a'a. Makin nan ya kai saba'in? In e ne, ta yi abin da kika rubuta a ƙarƙashin tambayar. In a'a ne, ta tsallake shi kamar ba ta gani ba. Wannan shi ake kira sharaɗi."

Kalmar da ake buɗe sharaɗin da ita ta Turanci ce, harafi biyu kacal, if, wato idan. Tana da 'yar'uwa, else, wato in ba haka ba. Goggo ta ce ashe shekara da shekaru tana buga su a wasiƙun gargaɗi ba ta san dukiya take riƙe da ita ba. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne yadda na'urar ke kafewa a kan waƙafi ɗaya da aka manta. Abin da ya fi burge ta kuma shi ne wannan ɗin dai. Ta ce da ta san akwai mai irin halinta a ofishin nan, da tuni sun ƙulla ƙawance.

Zango na gaba, lokacin katin sakamako ya zo daidai da zazzaɓin 'yan biyu, malamar ta yi mako guda a gida. Goggo ta ga dama ta samu ta ba ta mamaki. Ta tsara abinta a takarda, ta fara da na ƙasa don ta ce su suka fi yawa:

idan maki ya kai 40, rubuta "An tsallake da ƙyar, a ƙara ƙoƙari"
in ba haka ba, idan ya kai 55, rubuta "Ya yi kyau"
in ba haka ba, idan ya kai 70, rubuta "Madalla"

Ta juya shi zuwa harshen na'ura, ta danna. Aikin kwana shida ya ƙare kafin shayinta ya huce. Murna ta hana ta dubawa, malaman aji kuma dama sa hannu suke yi ba karantawa ba. Katuna suka tafi gida.

Washegari shugaba ya fito da katin 'yarsa a hannu. Mutum ne mai son zaman lafiya, ko kuda ba ya so ya kora da ƙarfi, amma ranar "Sakatariya" ya ce. Yarinyar ta ci casa'in da shida, ita ce ta ɗaya a ajinsu, ga shi an rubuta mata ta tsallake da ƙyar, ta kwana tana kuka. Bai rufe baki ba sai ga wani uba ya shigo da fara'a yana neman wanda zai yi wa godiya. Ɗansa ya ci sha takwas, wurin sharhi kuma fari fat, yaron ya bayyana masa cewa haka ake yi wa wanda malamai suka rasa abin da za su kushe.

Goggo ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Kurakurai da yawa sun fita daga ofishin nan a shekara ashirin da bakwai, amma wannan ne na farko da ba da saninta ba.

Da malamar ta dawo, sai da ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta share hawaye ta ɗauki biro.

"Daga sama take farawa, Goggo. Tambayar farko da ta samu e, nan take tsayawa, sauran ko kallo ba su ishe ta ba. Casa'in da shida ya kai arba'in?"

"Ya kai."

"Shi ke nan, ta buga ta wuce yaro na gaba. Ƙofar da ta fi ƙunci ita ake sawa a farko. Saba'in tukuna, sannan hamsin da biyar, sannan arba'in."

"Mai sha takwas fa?"

"Tambaya uku, a'a uku, kuma ba ki faɗa mata abin da za ta yi in duk a'a ne ba. Sai ta kama bakinta. Kullum ki rufe da 'in ba haka ba' guda ɗaya wadda ba tambaya a bayanta. Ita ce kwandon da ke tare duk wanda ya zubo."

Ta kuma koya mata ta riƙa gwada bakin iyaka kafin ta yarda da kowane sharaɗi: ta ba shi talatin da tara, ta ba shi arba'in cif, ta ba shi arba'in da ɗaya, ta ga yadda zai yi da kowanne. A nan, in ji malamar, aljanun aikin suke kwana.

A taron malamai na makon, Bisa Ƙa'ida ya samu abin da yake nema. Ya gyara biro ukunsa ya ce shi ba ya son ya ce ai ya faɗa, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ya bushe sai murhu. Goggo ta rubuta wannan ma, ta sa aya.

To, a makarantar akwai babban ɗakin jarrabawa a saman bene. Matakala arba'in da biyu, rufin kwano ba silin, fanka biyu ɗaya ta rasu tun zamanin shugaba na huɗu. Malamai na kiran ɗakin Tanderu. Wanda gadin jarrabawar rana ya faɗo kansa, daga ƙarfe ɗaya zuwa huɗu, yakan sauko kamar an tsamo shi daga rijiya. Shekara goma sha ɗaya Bisa Ƙa'ida ke tsara jadawalin gadin da fensirinsa, kuma a duk shekarun nan sunansa bai taɓa hawa bene ba. Wanda ya saɓa masa ne ke hawa. Wanda ya fi kowa hawa kuwa shi ne malamin lissafi, Baba Alli, mutum mai ciwon gwiwa da farin alli har a gira, wanda laifinsa ɗaya ne: ya taɓa gyara wa mataimakin lissafin kashi cikin ɗari a gaban masu duba makarantu.

A wannan shekarar malamai suka ce sun gaji. Shugaba, da ba ya son hayaniya, ya ce, "Tunda na'urar Goggo ba ta san uban kowa ba, ni shaida ne, ita za ta raba." Bisa Ƙa'ida ya ce ya yarda, muddin shi zai gindaya sharuɗɗan. Ya miƙe tsaye a gaban kowa, hannu a baya, Goggo na rubutawa.

"A cire mai juna biyu da mai shayarwa. A cire mai takardar likita. A cire wanda ya manyanta, mu ce shekara hamsin."

Goggo ta ɗago kai. "Ranka ya daɗe, wanda ya kai hamsin, ko wanda ya haura hamsin? Na'urar sai an bambance mata."

Ya juya a hankali ya dubi Baba Alli. Kowa ya san mako biyu da suka wuce Baba Alli ya cika hamsin cif, don har tsiya aka yi masa a ɗakin malamai.

"Ya haura," in ji Bisa Ƙa'ida.

"Shekarun kuma daga ina zan ɗauko?"

"Daga fayil mana. Bisa ƙa'ida."

"Na kowa da kowa? Har masu muƙami?"

"Ban da shugaba da ke zagaye, har ni. Ni ba na ɓuya a bayan kujera."

Malamar kwamfuta ta ɗaga hannu ta ce, cikin waɗanda suka rage, a fara da wanda ya fi ƙarancin hawa a shekarun baya. Ya ce wannan adalci ne, a sa. Goggo ta karanta masa duka daga farko, ta miƙa masa takardar. Ya zaɓi jan biro ya rattaba hannu.

Abin da ya manta, ita ba ta manta ba. Shekara takwas da suka wuce ya shigo ofishinta da wata takarda, ya tura ƙofa da ƙafa, ya ce ta buga ta sa a fayil ɗinsa ta cire tsohuwar. Takardar ranar haihuwa ce, kuma ta aske masa shekara shida don ritaya ta ja baya. A ƙashinsa da gwiwoyinsa shi ɗan hamsin da biyar ne, haka yake ji, haka yake tafiya. A fayil kuwa yaro ne ɗanye ɗan arba'in da tara. Ƙaryar da ta daɗe tana yi wa mutum aiki shiru, mantawa yake da ita.

Da yamma ta ba maigidanta labari. Shi mai gyaran agogo ne, mai magana ɗaya-ɗaya kamar bugun sakan. Ya cire gilashin ido ɗaya da yake aiki da shi, ya ce, "In za ki gina ramin mugunta, gina shi gajere."

"Ni ban gina komai ba, Malam. Shi ya haƙa abinsa. Ni zurfin kawai na tambaye shi."

Saura Baba Alli. Ta tare shi a baranda yana jan ƙafa.

"Baba Alli, ya gwiwa?"

"Da sauƙi, Goggo."

"Likita ya gani?"

"Shekara uku yana gani."

"Ya rubuta?" Ta gyara fayil ɗin da ke hammatarta. "Sharuɗɗan nan uku da 'ko' aka haɗa su. Ɗaya ya isa."

Malamin lissafi ne, ba a maimaita masa ba. Kashegari takardar likita na kan teburinta.

Ranar Litinin aka manna jadawali a allon sanarwa. Kwana tara na jarrabawar rana, sunan Bisa Ƙa'ida a bakwai. Sunan Baba Alli ko sau ɗaya. Malamai suka yi cincirindo a gaban allon, kowa na cizon leɓe don kar dariya ta kuɓuce. Ba a yi minti biyar ba sai ga shi ya faɗo ofis da jadawalin a hannu, ya yago shi har da ƙusa. Shugaba ya leƙo daga ɗakinsa, malamar kwamfuta kuma dama tana nan da kofinta.

"Na'urar nan ta sake haukacewa! Wa ya cire malamin lissafi?"

"Takardar likita, ranka ya daɗe. Sharaɗi na biyu."

"To a gyara. Ba 'ko' nake nufi ba, 'kuma' nake nufi. Sai mutum ya cika duka."

"Ana iyawa," in ji malamar kwamfuta da fuskar mutunci. "Da 'kuma' sai duk ukun sun zama e. Wato ba wanda za a cire sai mai juna biyu da ta haura hamsin kuma take da takardar likita. Akwai ta a cikinmu?"

Shugaba ya yi tari ya kalli silin.

"Bar wannan," in ji Bisa Ƙa'ida. "Ni fa? Ni da na..."

"Bari mu tambaye ta," in ji Goggo. Ta juyo masa da fuskar na'urar, ta bi layin da yatsa. "Mai juna biyu? A'a. Takardar likita? A'a. Ya haura hamsin?" Ta buɗe fayil ɗinsa da ke ajiye a gefe, kamar dama jiransa yake. "Arba'in da tara. A'a. Sai ta faɗa 'in ba haka ba', ta sa ka a layi. Da ta duba wanda ya fi ƙarancin hawa kuma, ba ta samu wanda ya kai ka ba."

Ya ƙura wa fayil ɗin ido.

"Ko fayil ɗin ne da kuskure, ranka ya daɗe? In da kuskure sai in rubuta wa ma'aikata a gyara. Sai dai za su nemi takardar asali, kuma ka san su, daga nan sai su shiga lissafin ritaya."

Bisa Ƙa'ida ya gyara biro ukunsa.

"Fayil daidai yake," in ji shi.

"Na san za a rina," in ji Goggo. "Ai yaro ne kai, ranka ya daɗe. Matakala arba'in da biyu me za su yi maka?"

Ya hau. Ranar farko ya sauko rigarsa manne da baya. Rana ta biyu aka ga mai gyaran lantarki da tsani, fankar da ta yi shekara da shekaru a mace ta tashi. Rana ta uku zafi ya kai inda ya kai, baƙin gashin nan ya fara bin gumi yana gangarowa ta gefen kunne, yara ɗari da ashirin suka sunkuyar da kai kan takardunsu kafaɗu na rawa.

Rana ta huɗu abin ya ɗan taɓa Goggo. Tana jin takunsa a matakala, yana hawa yana tsayawa, ta tuna ita kaɗai ta san shekarun da ke hawan. Ta cika gora da ruwan sanyi, ta hau da kanta, tana haki, ta ajiye masa a tebur tare da ɗan tawul na share fuska. Ya dube ta, ya dubi ruwan, ya sha rabi a tashi ɗaya, ya ce, "Na gode, Goggo." Da gaske ya faɗa, ita ma da gaske ta kawo. Sai dai akwai shuɗin tawul a jakarta, amma fari ta miƙa masa.

Shekara ta zagayo. Mako guda kafin jarrabawa ya shigo ofis yana 'yar waƙa a hanci.

"Goggo, bana dai kin san na cika hamsin."

"Allah ya ƙaro masu albarka, ranka ya daɗe."

Litinin aka manna jadawali. Sunansa a shida. Wannan karon bai yaga ba, a hankali ya cire ƙusar ya kawo.

"Hamsin nake, Goggo. Fayil ma ya shaida."

"Ya shaida. Amma cewa ka yi wanda ya haura." Ta zaro takardar bara mai jan sa hannu. "Na gwada ta da arba'in da tara, na gwada ta da hamsin, na gwada ta da hamsin da ɗaya. Hamsin ba ta haura hamsin ba, ranka ya daɗe. Ta dai kai."

"To mai da shi 'ya kai'. Aikin minti nawa ne?"

"Maɓalli ɗaya ne. Amma a taro aka zartar, ka sa hannu. Bisa..." Ta tsaya ta gyara tabarau. "Sai dai taro ya warware."

Aka kira taro. Baba Alli, wanda yanzu ya haura hamsin da shekara guda kuma ba abin da ya shafe shi, ya nemi izini ya yi wa 'yan'uwa bayani. Ya ja ƙafa zuwa allo, ya zana alama kamar bakin tsuntsu a buɗe, ya ce wannan ita ce "ya haura". Ya sake zana ta da ɗan layi a ƙarƙashi, ya ce wannan ita ce "ya kai ko ya haura". Minti ashirin ya yi a kan ɗan layin nan, da misalai, yana juyowa yana tambayar ko mataimaki ya gane ko a sake. A ƙarshe ya kakkaɓe hannu ya ce shi yana goyon bayan a ƙara layin, domin bai dace a riƙa wahalar da yara masu tasowa ba.

Shugaba ya ga hanyar da zai faranta wa kowa. Ya ce an amince da gyaran, amma tunda jadawalin bana ya riga ya fita, zai fara aiki baɗi. Wata malama a baya ta fara ƙirga da yatsu, ta ga baɗi shekarun mataimakin a fayil hamsin da ɗaya ne, ta toshe baki da gyale. Daga nan ɗakin ya fashe. Har shi Bisa Ƙa'ida sai da gefen bakinsa ya motsa. Ya hau kwana shidansa, kuma kafin zangon ya ƙare an yi wa Tanderu silin, da takardar neman izini da shi da kansa ya rubuta.

Baɗin ba ta same shi a makarantar ba. Aka ɗaga shi ya zama shugaban wata makaranta a ɗaya gefen gari. Ranar da takardar ta zo, ya shigo ofishin Goggo ya zauna a bencin iyaye, abin da bai taɓa yi ba.

"Na roƙi a ba ni ke mu tafi tare," in ji shi.

Karo na farko a tarihin ofishin, fuskar Goggo ta kuɓuce mata. "Ni? Bayan duk abin nan?"

"Saboda duk abin nan. Can ban san kowa ba, kuma an ce malamansu sun fi na nan iya shege. Gara in san ta ɓangarena kike."

Ta ce zai ji daga gare ta. Kwana biyu tana juya maganar. Saura shekara biyu ta ajiye aiki, kujerar nan ta saba da bayanta, ga malamar kwamfuta da shayinsu. Amma sabuwar makarantar layi biyu ne tsakaninta da gidan babbar 'yarta, inda jikoki uku suke. Ta zauna da malamar suka bi duk abin da ta rubuta layi-layi, ta bar mata komai a tsare, suka rungumi juna, malamar na kuka tana dariya. Ta tafi.

Ashe labari ya riga ta isa. Ranar farko, tana cikin goge sabon teburinta, wani malami mai sanƙo ya leƙo ya gaishe ta har ƙasa, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya waiga hagu da dama, sannan ya rage murya ya ce ko zai iya ɗan duba takardar ranar haihuwa a fayil ɗinsa. Yana fita wata ta shigo. Kafin a tashi, mutum bakwai suka zo, ɗaya bayan ɗaya, kowa da irin tasa doguwar gaisuwar. Goggo ta ba kowa kujera, ta miƙa masa fayil ɗinsa, ta juya baya tana jera kofuna a kan kabad har ya gama.